Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Lura Da Motsin Dutse A Ramin Haƙar Ma'adinai

Idan aka haƙa hanya a ƙarƙashin ƙasa, nauyin da dutsen da aka cire yake ɗauke da shi yana komawa ne kan bango da ginshiƙan da aka bari. A zurfin mita 1,000, matsin da ke dannowa daga sama yakan kai kimanin megafaskal 27 (megafaskal ma'aunin matsi ne). Mutane da yawa suna ɗauka daga sama kaɗai matsin yake zuwa, alhali a wurare da dama wanda ke turowa daga gefe ya fi ƙarfi, shi ya sa ya kamata a auna matsin a wurin tun kafin a tsara inda hanyoyi za su fuskanta.

Kuskuren da ya fi muni, a ganina, yana wajen karanta na'urar auna saukar rufi. Akan duba yawan saukar, a rubuta a littafi, a wuce, ba a kula da saurinta ba. Rufin da ya sauko milimita 5 cikin wata shida daban yake da wanda ya sauko milimita 5 cikin awa shida, domin na biyun yana iya kasancewa gab da ruftawa. Gyaran shi ne a kayyade tun farko adadin saukar da za a ƙara ƙusoshin rufi (dogayen ƙarafan da ake kafawa cikin dutse don riƙe rufin) idan an kai shi, da wanda za a fitar da kowa, a kuma ba shugaban ma'aikatan da ke wurin ikon dakatar da aiki ba sai ya jira izini ba. Ita kanta na'urar, idan ba a kafa gindinta a dutse mai ƙwari can sama da inda ƙusoshin suka tsaya ba, tare za su sauko da rufin tana nuna lafiya lau.

Ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe dabara ce mai amfani, domin dutsen da ya saki yakan yi amo kamar ganga, amma falalen dutse mai kauri yana iya sakewa bai ba da wannan amon ba. Sabon yoyon ruwa ma abin rubutawa ne.

Sai kuma kuskuren raina ƙaramar ruftawa. A mahaƙar kwal ta Coalbrook da ke Afirka ta Kudu, wani sashe ya rufta a watan Disamban 1959, aka ci gaba da aiki. Ranar 21 ga Janairun 1960 ginshiƙan suka karye ɗaya bayan ɗaya, sama da mutum 430 suka rasu.