Yadda ake kula da ciwon ɓarin kai a lokacin goyon ciki

Mai fama da ciwon ɓarin kai ta san zuwansa: bugu a gefe ɗaya na kai kamar ana daka, tashin zuciya, haske da ƙara su zama abin ƙi. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Yawancin masu shi suna samun sauƙi da zarar ciki ya wuce wata uku, domin sinadarin estrojin na jikin mace da hawa da saukarsa ke tayar da ciwon yakan daidaita a lokacin. Amma watannin laulayi sukan yi wa wasu tsanani, ga shi kuma magungunan da aka saba sha ba duka ne suka dace da mai juna biyu ba.

Mataki na farko, kafin ki taɓa kowane magani, ki tambayi kanki: wannan ciwon da na sani ne, ko baƙo ne? Wannan tambayar ta fi duk abin da zai biyo baya muhimmanci. Daga mako na 20 na ciki, ciwon kai yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda idan aka yi sakaci yake kaiwa ga jijjiga. Idan ciwon ya zo da kumburin fuska da hannaye, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko awon jini ya kai 140/90, ki tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka ma ciwon da ya sauko miki lokaci guda da ƙarfin da ba ki taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana. Masu ciwon ɓarin kai sun fi sauran mata haɗarin wannan hawan jinin, don haka kada sabo da ciwon kai ya sa ki ce ai na kullum ne.

Idan kin tabbata shi ne wanda kika saba, to ki tare shi tun yana ƙarami. Ki shiga ɗaki, ki sauke labule, ki ajiye waya nesa. Ki jiƙa tawul da ruwan sanyi ki ɗora a goshi ko ƙeya, ki kwanta ta gefen hagu. Ruwa ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ba ki kwankwaɗa ba, don kada amai ya taso. Idan barci ya zo, ki bar shi ya ɗauke ki. Sau da yawa shi ke yanke ciwon.

Sai magani. Farasitamol ne zaɓin farko: ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha, kada a wuce miligiram 4,000 a awa 24. Ki sha shi da wuri. Mata da yawa suna daurewa saboda tsoron kada su cutar da jariri, sai ciwon ya kai maƙura sannan su sha, lokacin kuwa tumbi ya daina karɓar magani yadda ya kamata. Dauriyar nan ba ta da amfani ga uwa ko ɗa, musamman idan amai ya hana ki ci da sha. Sai dai a kula: shan sa kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da wani ciwon kan.

Akwai waɗanda za ki kawar daga inda hannunki zai kai. Duk maganin da ke ɗauke da ergotamine, irin su Cafergot, haramun ne ga mai ciki, don yana matse mahaifa da jijiyoyin jini. Ibuprofen da diclofenac ba a shan su sai likita ya ce, musamman daga mako na 20, saboda suna iya rage ruwan da jariri ke ciki, a watannin ƙarshe kuma su taɓa wata jijiya da ke kusa da zuciyarsa. Codeine da tramadol ma a bar su. Idan dama kina shan valproate ko topiramate don rigakafin ciwon, ki ga likita cikin gaggawa, domin suna iya jawo nakasa ga jariri. Wadda kuma take shan su saboda farfaɗiya kada ta daina da kanta. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi kuwa, babu mai iya faɗa miki yawan abin da ke cikinsu.

In farasitamol ya gaza, ba shi ke nan ba. Likita na iya rubuta miki sumatriptan, wanda a danginsa shi aka fi sanin tasirinsa ga masu ciki, da metoclopramide don tsayar da amai. Idan ciwon yana yawan dawowa, akwai propranolol ko amitriptyline a ƙaramin ma'auni. Ki tambaya a wurin awo, kada ki jira a tambaye ki.

Abin da ya rage shi ne rage yawan zuwansa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya zo, abin da kika ci, da awa nawa kika yi barci. Bayan 'yan makonni za ki fara gane abin da ke tayar miki da shi. Yunwa da ƙishirwa su ne kan gaba a lokacin laulayi, saboda haka ki riƙa cin abu kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ki tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Masu shan kofi da shayi kada su yanke lokaci guda, don yankewar ma na kawo ciwon; a rage a hankali har ya koma ƙasa da miligiram 200 na kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi da shayi) a rana, wato kimanin ƙananan kofuna biyu na kofi.

Bayan haihuwa ciwon yakan dawo, sau da yawa a cikin watan farko. Hawan jinin nan ma yana iya bayyana har mako 6 bayan an sauka, don haka duk ciwon kai mai tsanani a lokacin jego a fara auna jini kafin a ce ɓarin kai ne.