Jitar da ka gada: yadda za ka gane irinta da shekarunta

Da baffanmu ya rasu, Allah ya jiƙan shi, aka zo kwashe kayan ɗakin shi a nan Sakkwato, sai ga jita bisa wadirof cikin wani tsohon akwati duk ƙura. Wasu suka ce a ba yara su yi wasa, wani ya ce ai wagga tsohuwar kaya ce za ta yi miliyan. To tunda dai gado ne kuma akwai haƙƙin magada a ciki, sai na ce a dakata in duba tukuna. Ga yadda na bi, ko wani zai amfana.

Da farko ka tabbatar classical ce, wato irin jitar katako mai tsirkiyar nailan, don ita nake magana a kai. Kanta yana da tsaga biyu dogaye inda ake naɗe tsirkiya, wuyanta faffaɗa ne wajen milimita 52, tsirkiyar kuma ta nailan ce, ana ɗaure ta a jikin jakin da ke ƙasa. In ka tarar da wayar ƙarfe wani ne ya sa daga baya, ka sassauta ta yanzu yanzu don jan ƙarfe ya fi ƙarfin wagga jita, shi ke ɗaga jakin ya lanƙwasa wuyan.

Sai babban aikin, ka kunna tocilar waya ka leƙa cikin ramin nan na tsakiya, akwai takarda manne a bayan. Wallahi rabin amsarka tana nan. Kar ka ɓamɓare ta, kar ka goge da ruwa, hoto kawai za ka ɗauka. Ka duba sunan kamfani da lambar model da ƙasar da aka yi ta, kuma ni wurin ƙasar nan na fi jin daɗi saboda wasu ƙasashen yanzu babu su. In ka ga West Germany to tsakanin 1949 da 1990 aka yi ta, GDR ma haka, Jamus ta Gabas ke nan, can ne kamfanin Musima yake a garin Markneukirchen. Czechoslovakia ta rabu a farkon 1993 don haka duk jitar da ke ɗauke da wanga suna ta girmi lokacin. Mutanenmu da yawa sun yi karatu a waɗannan ƙasashe a shekarun 1970 da 1980, ba abin mamaki ba ne a tsinci irinsu a gidajenmu.

Ta baffa Yamaha ce, kuma a takardar an rubuta Nippon Gakki, wanda shi ne tsohon sunan kamfanin kafin su canza a 1987, kun ga tun daga nan na san ta haura shekara 35. Sannan akwai siriyal lamba, ba kullum take kan takardar ba, wani lokaci an buga ta a kan katakon da ke riƙe wuya daga ciki, sai ka karkata jitar ka haska ta wajen wuyan ko ka zura ƙaramin madubi. Amma fa a kula, a wasu tsarin lambobin Yamaha lambar farko ƙarshen shekara kawai take nunawa, 4 tana iya zama 1974 ko 1984, dole ka haɗa da launin takarda da model da ƙasa, Japan ce ko Taiwan, kafin ka yanke hukunci. Kamfanonin Japan da dama kuma a wancan lokacin lambar model ɗinsu tana nuna farashin jitar ne a kuɗin yen, babbar lamba babban kaya.

In kuma ka ga shekara da sa hannu da biro, musamman daga Sifen, to yi a hankali ƙila aikin hannu ne. Sai dai ba duk mai suna irin na Sifaniyawa ce daga can ba, masana'antun Asiya sun yi ta manna irin sunayen don kasuwa. Sunan Torres ma, Antonio de Torres, shahararren maƙerin jita na Sifen, ya rasu tun 1892, ganin sunan shi a takarda galibi yana nufin an kwaikwayi fasalin shi ne kawai.

Katakon fuska: duba bakin ramin da kyau, in layukan itacen sun sauka har cikin kaurin katakon to guda ne, in ka ga hawa hawa kamar filawud to mai arha ce. Fari-fari itacen spruce ne, mai ja-ja itacen cedar, shi kuma cedar sai a shekarun 1960 ya yaɗu ta hannun maƙerin jita José Ramírez na uku a Madrid.

Kar ka manta da tsofaffin gida. Gwaggo ce ta tuna shekarar da baffa ya dawo da ita, muka ciro tsohon fasfo ɗin shi muka ga tambarin, ya yi daidai da abin da lambar ta nuna. Aljihun akwatin ma ka lalube shi, rasit da fakitin tsirkiya duk shaida ne.

Abin da zan roƙe ka, kar ka kai wa kafinta ya sa mata sanfefa da banish wai ta yi ƙyalli, nan take ƙimarta za ta zube. Kuma yanayinmu ba ya raga mata, jita tana son laima wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Sakkwato kuwa sai ya tsotse katako har ya tsage, zafin bazara kuma ya narkar da gam, balle a bar ta cikin but ɗin mota. Ni soso mai ɗan damshi nake sakawa cikin robar sabulu mai huji in ajiye cikin akwatin, ba ya taɓa katakon. Tamu dai ta ɗalibai ce ba ta miliyan ba, aka yi mata kuɗi aka sa cikin rabo, ni na biya na riƙe ta.