Kafin ka biya kuɗin tsohuwar akori-kura

Idan aikin motar kai buhunan gero Dawanau ne, ko tumaki Maigatari ranar Alhamis, ni tsohuwar Peugeot 504 zan ce ka nema. A Kaduna aka yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru, shi ya sa da wuya ka sami bakaniken da bai san cikinta ba, kayan gyaranta kuma akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Kafireta gare ta, in ta toshe a kwance a wanke da fetur a bakin hanya, ka ci gaba da tafiya.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, kada ka dogara da na dillali. Ku isa da sassafe tun ba a tayar da ita ba, don injin da ya kwana shi ke faɗin gaskiya. Ka shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashinta. Nan nake so ka daɗe. Bi shasi da hannu, musamman wajen da sifirin baya ya kama, domin nan lodin da ya fi ƙarfinta yake tsaga ta. In ka ga walda kan walda, ko sabon baƙin fenti a ƙasa alhali bodi ya koɗe, ka haƙura da ita komai arha. Inji ana sauyawa, amma shasin da ya karkace tayoyi zai yi ta cinye maka.

Sannan a tayar. Shuɗin hayaki alama ce tana shan baƙin mai. Buɗe murfin baƙin man, in ka ga fari-fari kamar kindirmo, ruwa na shiga, gaskit ya ƙone. A gwada ta da kaya a baya, kuma lambar shasi ta dace da ta takarda.

Hilux ta zamani ba a raina ta. Mai jan tayoyi huɗu tana ratsa yashi da taɓon damina inda 504 za ta kafe. Sai dai ko 'yar Kwatano ce, kuɗinta zai sayi tsofaffi da yawa, in kwamfutarta ta rikice sai an kai ta birni, kuma ba ta jure gurɓataccen man bumburutu.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, dole ka lissafa abin da tsohuwar za ta sha a kowace kasuwa kafin ku yi ciniki. Kada kuma ka zuba duk jarinka wajen saye. Ka rage na tayoyi, burki da batir, don da wuya mai sayarwa ya bar maka masu kyau.