Sisin Ingila: Kurakuran da Ke Jawo wa Masu Tara Tsoffin Kuɗi Asara

Na gaji da ganin sababbin masu tara tsoffin kuɗi suna lalata sisin Ingila da hannunsu, sannan su dawo suna ƙorafin dillali ya yi musu tayin wulaƙanci.

Laifi mafi muni shi ne gogewa. Tsohuwar azurfa takan yi duhu, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi a gefe, kuma wannan launin da shekaru suka ɗora mata shi mai saye yake nema. Sai ka ga mutum ya ɗauko toka da lemun tsami, ya dirje sisin har ya yi fari fat, yana murna wai ya gyara. Haba malam! Sisi ba kwanon sha ba ne. Ni ma wannan ta taɓa ci na: na dirje wani na zamanin Sarauniya Biktoriya, gashin kanta ya shafe, dillalin ya ɗaga shi a rana ya nuna mini ƙananan zane-zanen da toka ta bari, ya ce sai dai ya biya kuɗin nauyin azurfa. Goge-gogen nan ba ya gyaruwa har abada. Yanzu in datti ya yi yawa, ruwan ɗumi kawai nake zubawa, in ɗora a kan ƙyalle mai laushi ya bushe da kansa. Wasu na amfani da sabulu, ni ko ita ba na yarda. Kuma a gefe ake riƙe sisi, ba a fuska ba.

Na biyu, ɗaukar kowane farin sisi a matsayin azurfa. Ku riƙa duba shekara, don Allah. Daga 1551 da aka fara buga shi a zamanin Sarki Edward na shida har zuwa 1920, azurfa ce mai kyau, kusan kashi 925 cikin 1000. A 1920 aka rage ta koma rabi. Daga 1947 kuwa ko ɗigo babu, haɗin jan ƙarfe da nikel ne, saboda bashin yaƙin duniya na biyu ya ci ƙarfin Ingila. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka sisin yau da kullum mai hoton Sarauniya Elizabeth ta biyu ya ce azurfa ne, ko dai bai sani ba, ko yana son ya cuce ka. Kada ka dogara da maganaɗisu, domin ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Ma'auni ma ba zai raba maka gardama ba, dukkansu giram 2.83 ne tun daga 1816.

Akwai kuma masu ganin sisin 1887 mai ruwan zinariya su ɗauka sun tsinci dami a kala. Wani da aka buga a shekarar, mai garkuwa a baya, ba a rubuta darajarsa ba, kuma ya yi kama da rabin fam na zinariya. 'Yan damfara suka riƙa shafa masa ruwan zinariya suna kashe shi a matsayin sule goma, har hukuma ta janye shi ta dawo da mai rubutun daraja. Labarin na da daɗi, amma abin da ke hannunka azurfa ce.

Kada a haɗa shi da sisin da kakanninmu suka kashe a nan. Namu an rubuta masa sunan Afirka ta Yamma, an fara buga shi a 1913, kuma kasuwarsa daban.

Hudawa don a yi abin wuya tana kashe farashi nan take. Tsufa kaɗai ba ya kawo tsada: na 1952 ya fi na shekaru da yawa kafinsa wuyar samu, don kaɗan aka buga. Na 1967 kuwa ya yi yawa ƙwarai, kar ka biya shi da tsada. Kuma kar ka zuba su cikin gwangwani ɗaya suna gogar juna. Ni kowanne ambulan ɗinsa na takarda nake ba shi, in rubuta shekara da sunan sarki a bayansa.