Darasi na Tara: Waya a Hannu, Ƙafa a Ƙasa

Ku karanta wannan labari da ƙarfi, ba gaggawa.

Maman Sadiƙu tana zaune a Shara Mansur, cikin Makka. Ɗanta ya shekara biyar, amma maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu. Ba ya son haɗa ido da mutane, kuma sai a kira sunansa sau uku bai waiwayo ba. Likita ya ce yana da lalurar da Larabawa ke kira tawahhud, wadda a gida Najeriya ake ce wa galahanga. Da bazara zafin Makka yakan haura digiri 40, yara ba sa fita sai rana ta yi sanyi. Sai uwar ta riƙa miƙa masa jawwal, wato wayar hannu, don ta samu ta yi girki. Ya yi shiru kam, amma daga azahar har magariba ba ya motsi.

Wata rana surukarta ta zo, ta ga yaron yana kai da kawo tsakanin ɗaki da kicin.

"Ke 'yar nan, me ya samu mai gidan nawa yau yake ta zirga-zirga?"

"Inna, wasa muke yi. Malamar koyon magana ce ta nuna mini. Na ɗauki hoton kayansa da waya: kofinsa, takalminsa, cokali, darduma. In na nuna masa hoto, sai ya tashi ya je ya ɗauko."

"To ai wayar ce dai kuka ce tana ɓata yara."

"Wadda aka bar yaro shi kaɗai da ita ke nan, Inna. Wannan a hannuna take, shi kuma yana tsaye da ƙafarsa."

Abin lura a nan, hoton kofin yaron ne na kansa, ba wani kofi na intanet ba. Yara da yawa masu wannan lalura sun fi gane abin da ido ya gani a kan abin da kunne ya ji. In ya ga hoto, ya ji an ce "kofi", sannan ya riƙe kofin a hannu, kalmar ta shiga ta ƙofa uku ke nan. Koyarwa da hoto ba yau aka fara ta ba. Tun 1985 wasu masana biyu a Amurka, Andy Bondy da Lori Frost, suka fito da tsarin da yaro ke miƙa katin hoto don ya roƙi abin da yake so. Waya ta rage wahalar yanka takarda ne kawai.

Ku fara da hoto biyu, kada ku wuce. In ya kawo daidai, ku tafa masa nan take, ku faɗi sunan abin. In ya kawo wani abu dabam, ba tsawa, ba duka. Ku kama hannunsa ku je tare. Ku yi da harshen da kuke yi a gida. Hausa da Larabci ba sa rikita yaro, kada wani ya tsorata ku.

Akwai wasa na biyu, na tsayawa. Uwa ta naɗi muryarta a waya tana cewa "tsalle, tsalle, tsalle", sai ta yi shiru. Murya na tashi yaro na tsalle, tana ɗaukewa ya tsaya cak. Wannan yana koya wa yaro mai rawar kai jira, kuma ya fi daɗi in 'yan'uwansa sun shiga, kowa da layinsa.

Kamfanoni ma suna sayar da irin wannan. Akwai Osmo, wanda ake ɗora ƙaramin madubi a kan kyamarar iPad, yaro ya jera 'yan katakai a kan tebur, na'urar ta gane abin da ya jera. Yana da kyau, sai dai kuɗi ne. Ni dai ban ga dalilin cin bashi a kansa ba, alhali ga dabino da murfin kwalba a gida, a nuna lamba 3 a waya yaro ya ƙirgo uku.

Sai a kula da jiki. Yaron da ke sa komai a baki, kada a ba shi ƙwallon dabino ko ƙananan abubuwa. Mai farfaɗiya a nisanta shi da hoto mai walƙiya. Wanda ƙara ke damunsa, a rage sauti. Yaro mai lalurar Daun kuwa, wato Down syndrome, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta girmansa da koyonsa, kada a sa shi alkafura sai likita ya duba wuyansa, don wasunsu gaɓar wuyansu ba ta da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini, jariri kuwa sam. Minti goma na wannan wasa ya isa zama ɗaya. Ku kashe intanet kafin ku fara, ku sa agogon waya ya yi ƙara in lokaci ya cika, don ya san ba ƙwace masa aka yi ba.

Wasa ba ya maye gurbin asibiti. Mai neman shawarar likita a Saudiyya yana iya kiran 937, lambar Ma'aikatar Lafiya.

Aikin gida: Ku kwafi waɗannan kalmomi sau uku a littafinku: kofi, takalmi, cokali, tsalle, jira. Sannan ku ɗauki hoton abu biyu na yaronku, ku gwada wasan kwana bakwai. Kowace rana ku rubuta kwanan wata da adadin sau nawa ya kawo daidai. Ku zo da littafin aji mako mai zuwa.