Ƙannena sababbin zuwa Faransa, maciji ba tantabara ba ne

Assalamu alaikum 'yan Damagaram, na gida da na waje. Ina Zinder yanzu haka na zo hutu, daren jiya a fadarmu ta Birni muna shan shayi sai ƙanen wani abokina ya miƙo mini waya in ga hoton da ɗan ɗakinsu ya turo daga Liyon, wata huɗu kenan da tafiyarsa. Akwatin gilashi ne da macizai biyu a ciki sun nannaɗe juna, a ƙasa ya rubuta wai ku ga soyayya. 'Yan fada suka bushe da dariya, wani na cewa an tura yaro karatu ya koma gardi. Ni kam shayin ma ban iya shanyewa ba, don shi ne na uku cikin yaranmu da na ga ya taka sawun da na taka, kuma na san inda hanyar take ɓullewa.

Maganar takardu ba zan daɗe a kai ba. Kun san tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 biza ta zama abin da ta zama, wanda Allah ya ba shi ya gode. In ka sauka ka tabbatar da bizarka ta intanet kafin wata 3, ka buɗe asusun banki, ka sayi rigar sanyi ta gaske tun kafin Nuwamba, kowace takarda ka yi mata kwafi biyu. Wannan duk yayyenku na can za su riƙe muku hannu, don abu guda da ba a iya ƙwace mana shi ne ɗan Damagaram ba ya kwana a tasha in akwai ɗan Damagaram a garin. Ni kaina wata biyu na yi a kan katifar wani bawan Allah ɗan Zangon da ban taɓa gani ba kafin ranar.

To amma maciji fa, ta ina ya shigo? Na san masu karantawa a gida za su ce wannan kuma wane irin rashin aikin yi ne. Abin da ba ku sani ba, can ajiye maciji kamar ajiye kyanwa ne a wajen wasu samari, kuma ƙarshen shekarar lakwal ɗalibai masu barin gari sukan saka a Facebook cewa ga macizai kyauta har da akwatinsu, wa ke so. Yaronmu na zaune shi kaɗai a ɗaki, kewar gida ta ishe shi, ya saba da tumaki da zabi da tantabaru a tsakar gida, ya ji kalmar kyauta, shike nan. Haka aka yi da ni. Wanda muke haya tare ne ya samu aiki a wani gari ya bar mini nasa guda biyu, ya ce duka maza ne, ba su da matsala.

Wanda aka fi ajiyewa shi ne macijin masara, asalinsa ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, wajen Fulorida da Jojiya da maƙwabtansu, inda yake bin rumbuna yana kama ɓeraye. Ba shi da dafi ko kaɗan, ba kububuwa ba ne ba gamsheƙa ba ne, matse ɓera yake ya haɗiye kamar yadda mesa ke yi. Babba yakan kai mita 1 da santimita 20 zuwa mita 1 da rabi, kuma yakan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mutum, wato ka gama karatu ka yi aure ka haihu yana nan. Abincinsa ɓera ne da ake sayarwa a daskare, ka ajiye a wajen ƙanƙara na firigo, ka narkar ka ba shi, babba sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14. Inna har yau ba ta san ɓera na kwana a firigona ba, kuma wanda ya gaya mata ni da shi.

Kuskurenmu daga tunaninmu na gida yake fitowa. Mu a wajenmu dabba ita kaɗai abin tausayi ce. Ka je Kasuwar Dole sayen tantabara, biyu za a ba ka, mace da namiji. Akuya in ka ɗaure ta ita kaɗai kuka za ta hana ka barci. Mu kanmu a can mutum huɗu muke cusuwa a ɗaki guda mu raba kuɗin haya, tukunya ɗaya, kuma muna jin daɗin hakan. Sai ka ɗauka maciji ma haka yake. Shi kuwa a daji shi kaɗai yake yawonsa, ba ya neman ɗan uwansa sai lokacin barbara, ba ya kewar kowa. Nannaɗe junan nan da yaron ya kira soyayya, wuri suke ƙwace. Jikin maciji ba ya yin ɗuminsa da kansa, shi ya sa ake ɗumama gefe guda na akwatin ya kai digiri 28 zuwa 30, ɗaya gefen a bar shi wajen 22 zuwa 24, ya riƙa kai da kawo yadda jikinsa ke so. In su biyu ne, wurin ɗumi ɗaya, maɓoya mai kyau ɗaya, mai ƙarfin ya hau kan raunanan ya kwanta, kai kana ɗaukar hoto. Raunanan ya fara ƙin abinci, ya rame, saɓarsa ta riƙa fita gutsi-gutsi, ba kuka yake yi ba balle ka ji.

Sannan ranar da ka tarar da ɓera an amayar ko kashi mai ruwa, na wane ne a cikinsu? Ba ka sani ba. Ni na tsaya gaban likitan dabbobi kamar wawa tana tambayata wanne ne ya yi aman, yaushe ya ci na ƙarshe, na ce mata ɗaya daga ciki dai. Cuta kuma in ta kama ɗaya ta kama biyun, ko ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe masu kama da ƙuma da ke maƙalewa a fatarsu, ko cutar ciki. Wajen ci ma akwai haɗari, su biyu su cafki ɓera ɗaya wannan ta kai wannan ta wutsiya, kuma maciji in ya fara haɗiya ba ya tsayawa duba inda ɓera ya ƙare, ƙanana sababbin ƙyanƙyasa an sha ganin ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Nawa dai ashe ba maza biyu ba ne. Gane mace da namiji a maciji sai wanda ya iya, ba a gane shi da ido haka kawai, kuma rabin masu ba ka kyautar nan su ma gaya musu aka yi. Masu kiwo ba sa barin mace ta yi ƙwai sai ta kai shekara 3, nauyinta ya kai giram 300, tsawonta wajen santimita 90. Tawa ba ta kai ba. Wata safiya na tashi na ga ƙwai 9 a cikin kwanon ruwa, duk sun lalace, ita kuma ta kwanta da kumburi a ƙasan cikinta, sauran sun maƙale sun ƙi fita. Sai da na yi yawo kafin na samu likitan da ke duba macizai, don ba kowane ba ne, kuma abin da na biya ya haura yuro 300, kusan jika 200 kenan a kuɗinmu, a watan da nake cin taliya da mai da yaji. Da ƙwan sun yi kyau ma wata masifar ce, mace kan zuba 10 zuwa 30, cikin kamar kwana 60 su ƙyanƙyashe, kowanne na son nasa mazubin, kuma in yawan dabbobin ya wuce abin da doka ta yarda sai kana da takardar shaidar ƙwarewa daga hukuma. Kai da ke jiran a sabunta maka kartin zama, ina kai ina wannan?

Amma abin da ya fi ƙona mini rai mai gidan haya ne. Ina ta fama da macen, ina buɗe akwati ina rufewa, wani dare na bar ƙofar gilashin da ɗan tsagi da bai kai yatsa ba, namijin ya fice. Dama macijin masara gwanin silalewa ne, kuma wanda aka takura shi a akwati ya fi neman hanya. Kwana shida ina ɗaga katifa ina leƙa bayan firigo, ban gaya wa kowa ba. Rana ta bakwai wata tsohuwa da ke ƙasa da ni ta gan shi kwance bayan bututun ɗumama gida a matakala, ihun da ta yi har yau yana kunnena, aka kira 'yan kwana-kwana, duk gidan aka fito, ni baƙin mutum ɗaya a benen ina cewa nawa ne, ba ya sara, ba ya da dafi. Wa zai saurare ka?

Akwai dokar 1970 da ta hana mai gida ya hana ɗan haya ajiye dabbar gida matuƙar ba ta yi ɓarna ba, ba ta dami maƙwabta ba. Wani ɗan uwa ya karanto mini ita na tafi ina cika baki. Mai gidan ya bar ni na gama, ya ce na farko maciji ba ya cikin jerin dabbobin gida na hukuma, na biyu maƙwabta sun riga sun rubuto masa takarda, na uku ga tabon da tabarmar ɗumamawa ta yi wa katakon ƙasa, don na shimfiɗa ta ba tare da na'urar daidaita zafi ba. Ban da bakin magana. Ɗakin mai kaya ne, kuɗin ajiyar da na bayar na wata biyu ne, kusan rabi ya tafi a gyaran katako, zaman kuma ya ƙi daɗi har na tashi da kaina. Neman sabon ɗaki kuwa, wanda ya nemi haya a can ba shi da mai tsaya masa ya san abin da nake nufi, wata uku ina kan kujerar mutane da akwatuna biyu na macizai da ba kowa ke yarda su shiga gidansa ba. Masu zama gidajen ɗalibai na gwamnati ku kuma kar ma ku fara, dokar gidan ta hana dabba.

In ka riga ka karɓa, raba su yau. Ba sai ka sayi gilashi mai tsada ba, babbar robar ajiyar kaya mai murfi da ke kullewa ta isa na ɗan lokaci, ka huda mata ƙananan ramukan iska, ka shimfiɗa takarda, maɓoya biyu ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, kwanon ruwa, tabarmar ɗumi ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku, da na'urar daidaita zafin, wannan kar ka yi rowarta. Daga baya babba ya samu akwati mai tsawon kamar santimita 120. Ka sani mace na iya riƙe maniyyi a jikinta ta zuba ƙwai ko bayan an raba su, don haka ka sa mata ido. Wanda ya ba ka kuma ya rubuta maka takardar miƙa dabba, ka ajiye tare da sauran takardunka. In ka ga ba za ka iya da biyu ba ka nemi mai karɓar ɗaya, amma kar shaiɗan ya raya maka ka sake shi a lambu, yasar da dabba laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa shekara 3 a gidan kaso da tarar yuro 45,000.

A daren na sa aka kira mini yaron ta WhatsApp. Ya ce yaya ai tare suka taso, tausayi nake ji in raba su, kuma wanda ya ba ni ya rantse duka mata ne. Na ce masa gobe kafin ka tafi lakwal ka biya ka sayi roba, kuɗin zan turo maka, ka turo mini hoton kowanne a nasa wurin. Har yanzu da nake rubutun nan hoto bai zo ba, na gaya wa ɗan ɗakinsu in la'asar ta yi bai turo ba babarsu zan je in gaisar.