Yadda ake duba mota 'yar Beljiyam kafin a biya kuɗi

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri sun yi wata rayuwa a wata ƙasa kafin su zo hannunmu. Muna ce musu Beljiyam, wasu su ce 'yar Kwatano, Yarabawa su ce tokumbo, alhali da yawansu daga Amurka da Kanada aka yo lodinsu. A cikinsu akwai lafiyayyu da za su yi maka shekara goma ba ka ga cikin injinsu ba. Akwai kuma waɗanda kamfanin inshora ya yanke wa hukuncin sun gama aiki bayan haɗari ko ambaliya, aka yi gwanjonsu, aka kawo, mai kwankwasa da mai fenti suka mayar da su amare. A filin dillalai duka biyun ƙyalli ɗaya suke yi. Ga yadda nake bi in raba su, kuma haka nake raka 'yan uwa idan sun tashi saye.

Tun kana gida ka yanke hukunci

Kafin ka taka ƙafa wajen dillalai, ka raba kuɗinka gida biyu: na sayen mota da na tayar da ita. Ni shawarata, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma ka ajiye gefe, domin babu motar hannu da za ta shigo gidanka ba ta nemi taya ko batir ko juyen mai ba, ga lamba da inshora suna jira. Sannan ka zaɓi irin motar da kayanta ke zube a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, wadda bakaniken unguwa ya saba da cikinta. Dalilin da Corolla da Camry da Accord da Golf suke riƙe daraja ke nan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, girman inji ya zama abin lissafi: mai silinda shida tana da daɗin tuƙi a hanyar Abuja, amma a cunkoson Kurna ko Kawo aljihunka ne zai ji a jikinsa.

Takarda kafin ƙarfe

Idan ka isa, kada ka fara da buɗe bonet. Ka ce a ba ka takardu. Abu na farko shi ne lambar shasi, wadda ake kira VIN. Haruffa ne da lambobi guda 17, kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki don kada su rikice da 1 da 0. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma kan takardar da aka manna a jikin ƙarfen ƙofar direba. Ka gwada su da wadda ke cikin takardar kwastan, harafi bayan harafi, kana karantawa abokin tafiyarka yana dubawa. Ko guda ɗaya ya saɓa, ka yi sallama ka tafi.

Lambar nan tana magana ga wanda ya iya sauraronta. Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, K Koriya, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar samfurin: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani ƙwarai, saboda ana canza wa mota fitilu da bamba a ce maka 'yar 2012 ce alhali 2008 ce aka yi wa kwalliya. Idan 'yar Amurka ce, ka sa lambar a Google tun kana tsaye a wurin. Sau da yawa hotunan ranar gwanjonta a kamfanonin gwanjon motoci irin su Copart ko IAAI suna fitowa, ka ga gabanta a murƙushe ko laka har kan kujeru. Rahoton Carfax kuma, wanda ake biyan kuɗi kaɗan a samu, yana nuna haɗurran da aka rubuta da nisan tafiyar da ta yi kafin ta bar can.

Maganar kwastan kada ka ɗauke ta da wasa. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 ne gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce "ta Kwatano ta biyo" tana buƙatar ƙarin bincike. Ka ɗauki kwafin takardar ka je ofishin kwastan da kanka a duba maka a na'urarsu ko an biya duti, kuma ko na wannan motar aka biya. Wani ɗan uwana ya ƙi yin wannan tafiyar ta rabin yini, saboda dillalin ya rantse masa. Wata huɗu bayan nan aka tare shi a hanya, shi da iyali, aka ajiye motar, sai da ya biya abin da ya kusa kai kashi uku cikin goma na kuɗin sayenta kafin ya fito da ita. Har yau ina jin zafin abin, domin da na matsa masa da bai faru ba.

Zagaya jikinta da rana tsaka

Ba a duba mota da magariba, ba a duba ta a jiƙe da ruwan wanki. Ka sa a fito da ita fili. Ka tsuguna ta gefen fitilar gaba ka kalli tsawon jikinta: fentin kamfani santsi ne ɗaya, na gyara yana yin ƙananan tudu kamar bawon lemo, launin ƙofa ɗaya ya ɗan bambanta da ta kusa da ita. Ka dubi tazarar da ke tsakanin bonet da gefuna, da tsakanin ƙofofi. Idan nan ɗan yatsa yana shiga can kuma takarda ma da ƙyar, an taɓa bugawa. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana taimakawa, don ba ya kama inda aka cika da hodar cike ramuka. Ƙuje da lotsawar bamba ba abin tsoro ba ne, sai dai a rage maka kuɗi. Abin gudu shi ne walda a kan ƙarfen shasi, waɗannan dogayen ƙarafa biyu da suka riƙe inji. Motar da shasinta ya karkace ba ta daina cin taya, kuma ranar da aka sake yin karo ba za ta kare ka ba.

Sai alamun ruwa, kuma a nan nake daɗewa. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, irin wannan kuma kusan kowace shekara ana yi a can. Mu ma a gida, ambaliyar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 ta shanye motoci masu yawa. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya yau, amma tsatsa na cin wayoyinta a hankali, bayan wata shida gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar titi, mai gyaran waya ya zama abokinka na kullum. Ka rufe ƙofofi ka shaƙi iskar ciki. Idan turaren mota ya yi yawa, ka tambayi kanka me ake ɓoyewa. Ka ɗaga kafet, ka ciro safaya taya ka leƙa raminta, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin datti, ka haska tocila a ƙarƙashin kujeru ka dubi ƙusoshi. Busasshiyar laka ko tsatsa a waɗannan wurare ta isa hujja.

Ka kuma tabbata sitiyarin hagu ne tun daga kamfani. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, kuma motar da aka ciro wa sitiyari daga dama aka dasa a hagu ba abin ɗaukar iyali ba ce.

Inji, da sassafe

Ka yi alkawari da mai motar cewa kai za ka fara tayar da ita, ka zo da safe, ka ɗora hannu kan inji ka ji da sanyinsa. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka zo da bakanikenka, wanda kai za ka biya kuɗin yininsa, ba wanda dillali ya kira ba, domin mai jiran la'ada ba zai ga aibi ba. Ka gaya masa tun a hanya: "Oga, ko mun saya ko ba mu saya ba, haƙƙinka yana nan."

Ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. Duk fitilun tangaran, wato allon da ke gaban direba, ya kamata su kama, har da ta inji da ta jakar iska da ta birkin ABS, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an rufe ta da baƙin tef. Kafin tayarwa ka zaro sandar baƙin mai, ka kuma buɗe murfin da ake zuba shi. Idan ka ga abu kamar shayi mai madara, ruwa yana haɗuwa da mai, gasket ya ƙone ke nan ko kan inji ya tsage. Bayan ta tashi, wani ya taka totur kai kuma ka tsaya a baya wajen salansa. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona baƙin mai, ringi sun gaji. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, galibi gyaransa ya fi sauƙi.

A sa mata na'urar kwamfuta. Motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Bakanike ya leƙa ƙasa ya ga ko abin nan na cikin salansa da ake kira indomi yana nan, don ana cire shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Game da mita, ka tuna motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 100,000 a tangaran kilomita 160,000 ce. Ana kuma mayar da mita baya. Sitiyarin da ya goge, da robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta zurma sun fi mita gaskiya.

Hau da ita titi

Zagaye ɗaya a cikin fili ba gwaji ba ne. Ka nemi aƙalla minti 20, ka kashe rediyo, ka kunna AC. Giyar otomatik ta riƙa canzawa ba fizga ba jinkiri. Idan ka sa D ko R ta yi shiru sannan ta buga, akwai magana. A miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Ka taka birki da ƙarfi inda babu kowa a bayanka. Ka bi ta kan gargada ka saurari shokozoba, ka juya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali ka ji ko akwai ƙas-ƙas. Da ka dawo, ka bar ta a kunne minti goma idonka na kan allurar zafi, sannan ka matsar da ita ka dubi ƙasan inda ta tsaya ko wani abu ya ɗiga.

Ciniki da biya

Duk aibin da kuka gano, bakanike ya ƙiyasta kuɗin gyaransa, da shi za ka yi tayi. Idan an sallama, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da farashi, shaidu biyu su sa hannu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ma ta yi umarni da kafa shaida a ciniki. Ka biya ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda ko kamfanin dillalan, ka karɓi kwafin katin shaidarsa. Idan motar ta riga ta yi lamba a nan gida, ka yi canjin mallaka nan take, ka sabunta inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 a Janairun 2023.

Makon farko a hannunka

Ka ɗauka ba a taɓa yi mata sabis ba. A juye baƙin mai a canza filta, a zuba irin wanda aka rubuta a kan murfi ko a littafin motar. Yawancin injinan zamani 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20 suke so, kuma mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota da sunan "ƙasarmu da zafi" yana wahalar da su. A duba man giya da na birki. Idan taimin ɗin injinta na bel ne ba sarƙa ba, kuma babu shaidar ranar da aka canza shi, a canza, domin a wasu injinan tsinkewarsa tana lanƙwasa bawul.

Kada ka yarda a cire maka tamostat, ko a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan al'ada ta yaɗu a garejinmu, amma injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai kuma ya fi saurin lalacewa. A lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ruwan rijiya da na famfo suna barin tsatsa da gishiri a ciki. Lokacin hunturu kuma a riƙa ciro filtar iska ana dubawa duk bayan mako biyu.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba ko da zanenta bai goge ba. Yawan iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI. Ka faɗa wa mai faci lambar da bakinka, ka tsaya ka ga ya auna, safaya ma a ciro ta a auna.